Idan Yaro Ya Tafi Sojan Ruwa: Yadda Iyaye Za Su Yi Da Shirun Gida

A wannan makon za mu duba wani hali da iyaye da yawa ke shiga amma ba kasafai suke faɗa ba, wato kewar da ke biyo bayan tafiyar ɗa aikin soja, musamman sojan ruwa. Zan riƙa yin misali da Giade da Azare da sauran garuruwan ƙasar Katagum, domin nisan da ke tsakaninsu da teku ya sa lamarin ya fi fitowa fili. Amma maganar ta shafe ka, mai karatu, ko a Kano kake ko Sakkwato ko Zariya.

Ranar da sunan yaro ya fito cikin waɗanda aka ɗauka, gida cika yake yi da 'yan barka. A wannan zamani da matashi zai gama makaranta ya shekara biyar yana yawo da takardu, samun aikin gwamnati abin godiya ne. Ana haɗa guzuri, a soya dambun nama, a daka yaji, a raka shi tasha da addu'a. Wahalar takan fara ne bayan mako guda, lokacin da ƙafa ta ɗauke. Ke uwa sai ki ga kin auna garin tuwo har da kasonsa. Kai uba kana jin ƙarar babur a ƙofar gida sai ka ɗaga kai, kafin ka tuna yana Fatakwal.

Masana halayyar ɗan Adam a ƙasashen Turawa suna kwatanta wannan hali da sheƙar da 'ya'yan tsuntsu suka yi fiffike suka tashi suka bari. Likitoci ba su lissafa shi cikin cututtuka ba. Sai dai idan aka bar shi ya yi tsawo ba a kula ba, yakan buɗe ƙofa ga rashin barci da ciwon damuwa, ya kuma dagula hawan jini ga mai shi.

Gida cike da mutane, zuciya babu kowa

Wani zai ce wannan ai matsalar Turawa ce masu 'ya'ya biyu, mu da gidajenmu ke cike da yara da jikoki ina muka ga kaɗaici? To, gidajen birni sun canza. Ma'aikaci a Azare ko Bauchi mai mata ɗaya da 'ya'ya huɗu, idan ya aurar da mata biyu, ɗaya yana jami'a a Gaɗau, auta kuma ya tafi soja, su biyu ne suka rage a gidan.

Ko a babban gida ma, kowace uwa ɗakinta take kallo. Tsakar gida na iya cika da 'ya'yan kishiya da na faccala, amma ita ɗakinta ya yi shiru. Sau da yawa kuma wanda ya tafi shi ne ƙafar gidan: shi ke kai niƙa, shi ke ɗauko Baba daga asibiti, shi ke duba gona, shi ya san lambar sirrin katin banki. Tafiyarsa ta bar giɓin hira, ta kuma bar giɓin aiki.

Akwai kuma kunya irin tamu. Idan ɗan fari ne, uwar da ko sunansa ba ta faɗa, ta yaya za ta buɗe baki ta ce tana kewarsa? Sai ta haɗiye, ta ce kanta ne ke ciwo. Uba kuwa an raine shi a kan cewa namiji ba ya nuna rauni, sai kewar ta fito masa ta hanyar faɗa da tsawa a kan abin da bai kai ya kawo ba. Idan ka lura mahaifiyarka ta daina cin abincin kirki tun da ƙaninka ya tafi, kada ka jira ta faɗa. Labarin zuciya a tambayi fuska. Hausawa kuma sun ce sabo ake yi wa kuka, don haka babu abin kunya a ciki, kuma kewar ɗa ba ta nufin an raina ni'imar da Allah Ya yi.

San inda ɗanka yake

Abin da ya bambanta sojan ruwa da sauran ayyuka a idon mutumin Giade shi ne ruwan kansa. Kogin Jama'are mun san shi, tafkin Maladumba da ke wajen Misau mun san shi, amma da yawan iyaye ba su taɓa ganin teku ba sai a talabijin. Abin da ba ka sani ba kuwa shi zuciya ta fi ƙawata wa tsoro. Rashin sani ya fi dare duhu, saboda haka maganin farko shi ne ka san yadda aikin yake.

An kafa rundunar sojan ruwan Najeriya a 1956, kuma hedikwatarta tana Abuja. Ƙananan sojoji suna samun horon farko ne a makarantar horar da kurata da ke Onne a Jihar Ribas, na tsawon watanni. Masu zama hafsoshi da yawa suna bi ta makarantar NDA da ke Kaduna. Bayan an yaye su, ana rarraba su zuwa sassa daban-daban. Rundunar tana da manyan shiyyoyin aiki uku: ta yamma a Apapa da ke Legas, ta gabas a Kalaba, ta tsakiya a Yenagoa ta Jihar Bayelsa. Tana da sansani a Lakwaja inda Neja da Binuwai suka haɗu, da wani a Baga a bakin Tafkin Chadi, da kwalejin koyon aikin tanadin kayayyaki a Dawakin Tofa ta Jihar Kano.

Ba kowane sojan ruwa ne ke kwana a cikin jirgi ba. A cikinsu akwai ma'aikatan jinya, da kanikawa, da masu aikin lantarki, da direbobi, da masu dafa abinci, da malaman makaranta, da masu aikin ofis. Wanda ke cikin jirgin ma yakan fita sintiri ne ya dawo tasha. Ka tambayi ɗanka wane fanni aka ba shi, kuma a wane gari sansaninsa yake. Ka sa wani yaro ya nuna wa mahaifiyarsa garin a taswirar waya. Da zarar wuri ya samu suna da hoto a zuciya, fargabar takan ragu.

Ba zan ce maka babu haɗari ba. Aikin soja ne. Akwai 'yan fashin teku a Mashigin Gini, akwai ɓarayin ɗanyen mai a lungunan ruwan Neja Delta, akwai 'yan ta'adda a Tafkin Chadi. Amma yaron ba shi kaɗai aka tura ba, kuma ba a tura shi sai da aka horar da shi. Ka kuma tuna 'yan Arewa sun yi nisa a wannan aiki. Murtala Nyako ɗan Adamawa ya shugabanci rundunar daga 1990 zuwa 1992, Awwal Zubairu Gambo ɗan Kano ya riƙe ta daga 2021 zuwa 2023. A ɓangaren mata, Jamila Malafa ta kai muƙamin Komodo a 2017, wanda ya yi daidai da Birgediya Janar a sojan ƙasa. Idan 'yarki ce ta tafi, akwai waɗanda suka share mata hanya.

Idan waya ta ƙi shiga

Babu abin da ke hana uwa barci kamar ta kira sau goma a ce mata wayar a kashe take. Ki san dalili tun da wuri. A lokacin horo ba a barin kurata su riƙe waya yadda suka ga dama, kuma ranarsu a tsare take tun daga asuba har dare. Bayan horo, idan jirgi ya yi nisa da gaɓa, sabis ɗin waya yankewa yake yi, domin turakun sadarwa a tudu suke. Wani lokaci kuma an hana su faɗin inda za su da ranar da za su dawo. Shirun mako biyu a wannan aiki abu ne da aka saba.

Abin da ya fi shi ne ku yi yarjejeniya da yaron. Ya ware rana guda a mako, a ce Juma'a da yamma ko Lahadi, da zai kira idan yana tudu. Idan zai shiga ruwa ya turo gajeren saƙo cewa za a ji shi shiru na ɗan lokaci, ba sai ya yi bayani ba. Ku kuma ku riƙa tura masa saƙon murya ta WhatsApp, ya tarar da su idan ya fito. Uwar da ba ta rubutu tana iya yin magana ta minti biyu, ta ba shi labarin tunkiyar da ta haihu da ruwan da aka yi jiya. Irin wannan ƙaramin labari shi ne wanda yake nesa ya fi ƙishirwarsa.

Ki kiyaye abu guda, Hajiya. Kada kowace waya ta zama ta kuka da "ka dawo gida". Yaron da ke cikin wahalar horo, ga gajiya ga kewa, idan ya ji mahaifiyarsa na kuka kullum zuciyarsa na iya karyewa. A dokar soja, barin bakin aiki ba da izini ba laifi ne da ake hukunta mutum a kansa, kuma tabon yakan bi shi. Ki yi kukanki wajen 'yar'uwarki ko aminiyarki, shi kuma ki ba shi albarka da ƙarfin gwiwa. Wannan ba ya nufin a ɓoye masa manyan al'amura. Idan rashin lafiya mai tsanani ce ko rasuwa, a samu babba mai natsuwa ya sanar da shi, domin ya nemi izinin zuwa ta hanyar da ta dace. Jin labarin a Facebook ya fi komai ciwo.

Abin da kewa ke yi wa jiki

Yawancin iyayen da ke cikin wannan hali suna tsakanin shekara 45 zuwa 65 ne, shekarun da hawan jini da ciwon suga suka fi bayyana. Ga mata kuma, tsakanin 45 zuwa 55 ne al'ada kan ɗauke, abin da kan zo da jin zafi a jiki, da gumin dare, da saurin fushi, da rashin barci. Idan wannan ya haɗu da tafiyar ɗa, sai a rasa gane wanne ne wanne. Shi ya sa bai kamata a ce "tunani ne kawai" a zauna ba.

Ku je a auna jininku ku biyun, ko a babban asibitin Giade, ko asibitin tarayya da ke Azare, ko ƙaramin asibitin unguwarku. Idan awo ya riƙa nuna 140 bisa 90 ko sama da haka a lokuta daban-daban, ana buƙatar ganin likita. Hawan jini yakan daɗe a jiki ba tare da wata alama ba. Mai shan magani kuma ya kula, domin sau da yawa yaron da ya tafi shi ne mai tuna masa lokacin sha da mai zuwa sayowa. A ɗora wa wani wannan aiki da sunansa, kada a bar shi ga kowa da kowa.

Kewa ta yau da kullum tana zuwa tana tafiya. Za ki yi hawaye da safe, da rana maƙwabciya ta shigo ku yi dariya, kuma bayan makonni abin yana sauƙi. Ciwon damuwa daban yake. Alamominsa su ne baƙin ciki kusan kullum, da daina jin daɗin abin da aka saba so, da rashin barci ko yawansa, da rashin cin abinci, da kasala, da jin cewa ba ka da sauran amfani, har tsawon mako biyu ko fiye. Idan aka kai nan, a ga likita. Idan kuwa mutum ya fara cewa gara ya mutu ya huta, wannan maganar gaggawa ce, a kai shi asibiti a ranar, kada a bar shi shi kaɗai. Ciwon damuwa ciwo ne kamar sauran, ana maganinsa a warke, kuma zuwa asibiti ba ya hana addu'a. Likitan asibitin kusa zai iya turawa gaba, kamar asibitin koyarwa na Abubakar Tafawa Ɓalewa da ke Bauchi, idan akwai buƙata.

Ku guji sayen ƙwayar barci a kyamis ba da takardar likita ba. Irin waɗannan magunguna jiki yana sabawa da su, sai a wayi gari ba a iya barci sai da su, ga jiri da faɗuwa ga masu shekaru. A rage goro da shayi mai ƙarfi bayan la'asar, a ajiye waya idan an kwanta. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar motsa jiki na aƙalla minti 150 a mako, wato kamar tafiyar minti 30 sau biyar. Maigida ya taka zuwa masallaci ko gona maimakon hawa babur. Uwargida ta zagaya tsakar gida da sassafe, ko ta taka zuwa gidan 'yar'uwa. Hukumar ta ɗauki kaɗaici da muhimmanci har ta kafa kwamiti na musamman a kansa a 2023, saboda illar da yake yi wa lafiya.

Ku biyu kuka rage

Akwai ma'auratan da suka shekara talatin duk hirarsu a kan yara take: kuɗin makaranta, wa ya yi rashin ji, wa za a yi wa ɗinkin Sallah. Ranar da yaran suka watse sai su tarar ba su da abin cewa da juna. Maigida sai ya tsawaita zaman majalisa har ƙarfe goma sha ɗaya, uwargida tana gida ita da rediyo. A nan ne ƙananan saɓani ke girma. Wani lokaci har da zargi: "Ai kai ka sa shi ya cike takardar nan."

Alhaji, ka sani kai kana da kasuwa da ofis da majalisa, ita kuwa yawancin duniyarta a cikin gidan nan take. Ka dawo da wuri ko da kwana uku ne a mako, ku ci abincin dare tare. Idan yaron ya kira ka, ka miƙa mata wayar, kada ka ce "ya ce a gaishe ki" kawai. Ka ba ta dama ta je ganin gida, ta je suna da biki, domin zumunta a ƙafa take. Ke ma Hajiya, shirunsa ba rashin damuwa ba ne. Mutumin da yake zagayawa ɗakin yaron yana duba ko rufin na yoyo, kewa ce ta kai shi. Ki ja shi da hira a kan abin da ya shafe ku ku biyu, har da shirin da kuka daɗe kuna ɗagawa saboda hidimar yara.

A cike ranar da abin yi

Zaman banza shi ke ba tunani fili. Ku zauna ku lissafa ayyukan da yaron yake yi, ku raba su tsakanin ƙanne da 'ya'yan 'yan'uwa, ko a ɗauki wani a biya shi. Abin da za ku iya koya kuma ku koya. Uwar da ta iya kiran bidiyo da kanta ta huta da jiran sai jika ya dawo daga makaranta.

Ƙasar Katagum ƙasar noma da kiwo ce. Tumaki biyu da aka ɗaure don Babbar Sallah, ko 'yan kaji, ko sayen gyaɗa da wake da riɗi da kaka a ajiye, duk suna ba mutum dalilin tashi da safe. Matan da suka ajiye sana'ar ƙuli-ƙuli ko ɗinkin hula saboda raino, yanzu lokaci ya samu. Islamiyyar matan aure da ajin yaƙi da jahilci suna ba da ilimi, suna kuma ba da abokan hira. Idan akwai wata a garinku da ɗanta ke soja ko ɗan sanda ko kwastan, ki neme ta. Wadda ta riga ki shekara biyu a wannan hanya za ta gaya miki abin da babu mai gaya miki.

Gaggawar da ake yin da-na-sani a kanta

Wasu suna saurin ɗauko riƙo don a cike gurbin. Riƙo al'ada ce mai kyau, amma yaron da aka ɗauko yana da haƙƙin karatu da kulawa na shekaru, kuma ba zai zama wanda ya tafi ba. A bari zuciya ta kwanta, a yi shawara, sannan a ɗauko shi don Allah da zumunci.

Wasu kuma suna matsa wa yaron ya yi aure daga fitowarsa horo, don a ajiye matar a gida ta ɗebe wa uwa kewa. Ku tuna yarinyar ita ma 'yar wasu ce, kuma za ta zauna wata da watanni ba miji. Ku bar shi ya san inda aka tura shi, ya san ko zai samu muhalli a bariki, sannan a yi maganar da shawararsa.

Sai batun kuɗi. Da an ji yaro ya fara ɗaukar albashi, dangi sai su ɗauka ya haye. Albashin ƙaramin soja ba shi da yawa, rayuwa a Legas da Fatakwal kuma da tsada, ga kuɗin motar zuwa gida da ya haura tafiyar yini guda. Ku yarda a kan abin da zai iya turowa duk wata ba tare da ya shiga bashi ba, ku kuma tare masa masu buƙatun da ba su zama dole ba. Yaron da ya san duk kiran gida na kuɗi ne, a hankali zai fara ƙin ɗagawa, ku kuma ku ɗauka ya manta da ku.

Hattara da 'yan damfara da jita-jita

Iyayen da ke cikin fargaba su ne abincin 'yan damfara. Wani zai kira ya ce shi ogan ɗanku ne, yaron yana asibiti ko an tsare shi, a turo kuɗi yanzu-yanzu. Kada ku tura ko sisi. Ku kashe wayar, ku kira yaron, idan ba ta shiga ba ku kira abokin aikinsa da shi da kansa ya ba ku lambarsa. Rundunar tana da asibitocinta, kuma ta sha sanar da cewa neman shiga aikinta kyauta ne. Duk wanda ya ce a biya don a ɗauki ƙaninsa ko a canza masa wurin aiki, a yi nesa da shi.

Ku ajiye wasu bayanai a rubuce a wuri guda: cikakken sunansa yadda yake a takardun aiki, lambarsa ta soja, sunan sansaninsa ko jirginsa, da lambobin abokan aikinsa biyu. Ku san wanda ya rubuta a matsayin magajinsa a takarda, kuma lambar wayar mutumin ta kasance tana aiki. Yin wannan ba fata ba ne, tsari ne da kowane ma'aikaci ke yi.

Ku ja kunnen ƙanne su daina sa hotonsa da kaki suna faɗin inda yake da inda za shi. Yin haka na iya jawo masa hukunci a wurin aiki, yana kuma ba mugaye bayanin da za su yaudare ku da shi. Idan aka yaɗa labarin hari ko nutsewar jirgi a WhatsApp, kada a kai wa uwa sai an tabbatar daga kafar labarai da aka sani. Sau da yawa tsohon hoto ne, wani ma daga wata ƙasa.

Ranar da ya zo hutu

Wanda zai dawo ba zai zama daidai da wanda ya tafi ba. Zai rame ko ya murje, maganarsa za ta gajarta, zai riƙa tashi tun kafin kiran sallah, bakinsa ya saba da garin rogo da miyar kudu. Kada ku ɗauki wannan a matsayin girman kai. Ku ba shi kwana biyu ya yi barci kafin a fara zagayen gaishe-gaishe, kada kuma a matsa masa da tambayar abin da ya gani. Amma idan kuka lura yana firgita cikin barci, ko yana fushi fiye da kima, ko ya fara shaye-shaye, ku yi masa magana cikin taushi ya ga likitan rundunarsu. Ranar komawa kuma kewar za ta dawo sabuwa, sai dai karo na biyu ya fi na farko sauƙi.

Idan hali ya yi, ku je bikin yaye su a Onne, ko ku kai masa ziyara inda yake aiki da izininsa. Gani ya kori ji. Uwar da ta tsaya a bakin teku ta ga jirgin da idonta, ta ga abokan ɗanta da inda yake sallah da inda yake cin abinci, takan dawo da wata natsuwa da waya ba ta bayarwa.

Rabuwa irin wannan ba baƙuwa ba ce a ƙasar Hausa. Fatake sun riƙa tafiya Gwanja sayen goro su yi wata da watanni. Mahajjatan ƙasa sukan shekara da shekaru kafin su dawo. A Yaƙin Duniya na Biyu, dubban samarin Arewa sun shiga jirgin ruwa zuwa Indiya da Bama a 1943 da 1944, da yawansu sai 1946 suka ga gida. Iyayensu ba su da waya, sai wasiƙar da za a nemi mai karanta musu. Abin da ya riƙe su shi ne addu'a da jama'a da aikin yi. Ku kuna da waɗannan, ga kuma muryar ɗanku da za ku iya ji duk mako, ga asibiti idan abin ya fi ƙarfinku.

Saboda haka a wannan makon ku yi abu biyu: ku je a auna jininku, ku kuma tsayar da ranar waya da yaron. Kai kuma mai karatu da iyayenka ko maƙwabtanka ke cikin wannan hali, ka leƙa su da yamma, ka zauna ko na rabin awa ne.

Allah Ya tsare mana 'ya'yanmu a tudu da ruwa, Ya ba iyaye lafiya da juriya. Sai mun haɗu a mako mai zuwa idan Allah Ya kai mu.